Hujin da Baduku Ya Ƙara

In ka shiga asibitin yara ta ƙaramar ƙofa, ka wuce inda ake auna nauyin jarirai, ka bi barandar da ta nufi ɗakin wanki, za ka ji ƙarar guduma tun kafin ka ga mai ita. Wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene, da can karyayyun gadaje ake tarawa a ciki. A nan Baduku yake zaune kan gajeren benci, fata a cinya, basilla a hannu, tabarau ɗaure da zare ta ƙeya. Likitoci da nas-nas Baduku suke ce masa, iyaye mata kuwa Baba. Shi ko wanne aka kira amsawa yake, muddin ba a taɓa masa almakashi ba.

Takalman da yake ɗinkawa ba na kwalliya ba ne. Akwai jariran da ake haihuwa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki. A asibitin nan duk mako ake miƙar da ƙafar kaɗan-kaɗan, a naɗe ta da farin ɗaurin nan da mutane ke kira siminti, har ta dawo daidai. Daga nan sai a turo uwa wurin Baduku. Shi zai auna ƙafa, ya ɗinka 'yan takalma biyu, ya haɗa su da sandar ƙarfe a tsakani, yadda ƙafafun za su zauna a buɗe suna kallon waje. Watannin farko jariri ba ya rabuwa da su sai lokacin wanka, daga baya kuma sai in zai yi barci, har ya kai shekara huɗu ko biyar. Aikin siminti na 'yan makonni ne, na takalmi kuwa na shekaru. In aka yi sakaci, ƙafa komawa take inda ta fito, ko sallama ba ta yi.

Abu biyu yake nuna wa kowace uwa. Na farko hujin da za ta riƙa sa maɗauri, wanda yake yi wa alama da jan fenti. Na biyu wata 'yar taga da yake yankewa a bayan takalmin. “Ki leƙa nan,” in ji shi. “In kin ga dunduniya ta zauna daram a ƙasa, kin gama aikinki. In ba ki gan ta ba, kwance ki sake, ko da kuwa yana tsala ihu kamar ana yanka shi.”

Ihun kuwa suna yi, don jarirai ba sa ƙaunar takalmin nan ko kaɗan. Kafin mako ya zagayo za ka ga uwa ta dawo ido ya faɗa, takalmi a cikin jaka maimakon a ƙafa. “Baba, ba ya barci, ba ma barci. Kakarsa ta ce zalunci ne.” Baduku ba ya faɗa, ba ya kuma dogon wa'azi. Ajiye basilla yake, ya tura ƙofa, ya sunkuya ya kwance takalminsa na dama. Sai ga ƙafa a murɗe, wadda ya shekara sittin da 'yan kai yana takawa a kan gefenta, wurin ya yi baƙar kanta mai kauri.

“Uwata ba ta sami abin da kika samu ba,” yakan ce. “A zamaninta ba wanda ya san ana gyarawa. Mai ta dinga shafa mini tana kuka. 'Yata, kuka yana ƙarewa, wannan ba ta ƙarewa.”

Gani ya kori ji. Da wuya ka ga macen da ta kalli ƙafar nan ta sake dawowa da takalmi a jaka.

Ƙafar ce ma ta sa shi sana'ar. Tun yana yaro ba takalmin kasuwa da ya taɓa shiga ta, shi ya sa ya liƙe wa wani mai gyaran takalmi har ya iya ɗinka nasa. Shagon takalma kuwa bai taɓa taka ƙofarsa ba, ya ce me zai je yi, kallo? Wata rana yana zaune a bakin ƙofar asibitin nan da akwatin aikinsa, sai wata likita ta kawo masa jaka ya gyara, ta ƙura wa takalminsa ido, ta ce wa ya yi masa. Washegari ta kawo masa irin na jarirai da ake kawowa daga nesa, waɗanda ba sa isa kowa. Ya warware shi sala-sala, ya ɗinka kamarsa, ta gwada, ta ce ya gyara nan da nan, ya gyara. Tun daga ranar ya koma ƙarƙashin bene. Yakan ce shi kaɗai ne baduku a duniya da ke addu'ar ranar da masu zuwa wurinsa za su daina buƙatarsa.

'Ya'yansa duk sanda aka haifi ɗaya, kafin ya kalli fuska ƙafa yake fara dubawa, kuma dukansu Allah ya miƙar musu. Auta, ƙaramarsu, a ɗakin nan ta tashi. In ta taso daga makaranta ita ke huda masa maɗauri, har ta fi shi daidaita tazara, ko da yake bai taɓa yarda ba. Ta girma ta zama malamar firamare, ta auri direban babbar mota wanda ya fi kwana a hanya. Da ta haifi 'yar fari, Baduku ya je ɗakin masu jego da fara'arsa, ya ɗaga zanen jaririya ta wajen ƙafa kamar yadda ya saba. Duka biyun a murɗe suke.

Ya tsaya yana kallonsu. Can ya mayar da zanen, ya dubi Auta, ya ƙaƙalo murmushi ya ce, “To, wannan ai aikin gida ne.” Ya koma ɗakinsa ya rufe. Masu wanki sun ce ranar ba su ji guduma ba har aka tashi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinya, don haka bakinsa ba ya iya kiran sunan, sai dai Uwata. An yi mata siminti lafiya, ƙafafu suka miƙe sambal. Takalminta kuwa, kai, Baduku ya zuba gwaninta! Fatar da ya daɗe yana ɓoyo ya fito da ita, ya yi ɗinki ƙanana-ƙanana kamar na hula, ya goge sandar ƙarfe har tana ƙyalli. Da yake mijin Auta ba mazauni ba ne, sai ta dawo gida da zama. In ta tafi makaranta da safe ta bar yarinya wurin tsohuwa, wato matar Baduku, shi kuma in ya tashi aiki ya karɓa.

Ashe duk shekarun nan kukan 'ya'yan mutane yake ji, na minti kaɗan, a tafi da su gida. Bai taɓa zama da kukan ba. Uwata ta buɗe maƙogwaro ta ƙi rufewa. Ta yi ja, ta shiɗe, ta dawo, ta dube shi da idon nan cike da hawaye kamar ta san shi ya ɗinka. In ya ɗauke ta, sandar ƙarfe ta bugi ƙirjinsa. Tsohuwa kuma ba ta rage masa komai ba. “Kai dai ba ka da imani,” in ji ta. “Uwarka guda ka sa wa mari? Da ranta da ta ci maka mutunci.” Wasa take, amma maganar ta zauna masa a zuciya.

Cirewa dai ba zai cire ba. Shi da ya shekara da shekaru yana hana mutane, ina zai kai kunya? Abin da ya yi sai baduku zai yi shi. Wata rana da la'asar, Auta ba ta dawo ba, tsohuwa ta shiga maƙwabta, ya ɗauko ƙarfen huji. Tsakanin hujin jan fenti da na gaba da shi ya ƙara wani, ɗan sassauci kaɗan, bai kai faɗin ƙwayar wake ba. Ya yanko soso siriri ya liƙa a cikin dunduniyar takalmin. Ya kankare jan fenti ya mayar a sabon huji. Yana yi yana ce wa kansa ai shi ya san ƙafa, ya san iyakar abin da za ta ɗauka, ba kamar matan nan da ke kwancewa gaba ɗaya ba.

Uwata ta yi shiru. Gida ya yi daɗi, tsohuwa ta ce yarinya ta saba, Auta ta sami barci har ta fara mayar da jiki. Da safe tana sauri takan sa maɗauri a jan fenti kamar yadda aka koya mata, ta leƙa taga ta ga abu ya cika ta, ta ɗauka dunduniya ce. Wa zai binciki aikin ubansa? Baduku kuwa in ya zo wanka sai ya ga kamar ƙafar hagu ta ɗan soma leƙen ciki, sai ya ce idonsa ne, tabarau ya tsufa.

Ranar da aka mayar da ita asibiti a duba ƙafar, ya zo ɗakin da ake ganin yara da takalman wasu jarirai a hannu. Yana bayan labule ya ji muryar babbar nas, wadda kowa ke kira Sista Ba-wasa. Mace ce mai ƙwazo da son yara, amma bakinta ba linzami. Ta kama ƙafar Uwata ta tura sama, ƙafa ta ƙi zuwa inda take zuwa da. Ta sake, ta ƙi.

“Kina cire mata,” in ji Sista.

“Wallahi, Sista, sai wanka.”

“Kowa haka yake cewa. Ƙafa ba ta ƙarya, ga ta nan ta fara komawa. Haba, Malama! Ke da kika tashi a ɗakin Baduku? In wata ta yi, a ce jahilci. Ke fa? Barcinki ya fi miki ƙafar 'yarki?”

Mata cike da benci, kowacce ta kasa kunne tana saurare. Baduku yana jin shesshekar 'yarsa. Ya leƙa ta gefen labule ya ga ta ɗauki takalmin tana juyawa a hannu, don ta rasa inda za ta sa ido. Sai ya ga babban yatsanta ya bi maɗauri, ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta juya takalmin, ta zura ɗan yatsa ta taga, ta taɓo soso. Kukan ya ɗauke mata cak. Ta buɗe baki, ta rufe, sannan ta ce, “Ki yi haƙuri, Sista. Za a kiyaye.”

Nan fa ya kamata ya ɗaga labule. Bai ɗaga ba. Dattijon da ba ya tsoron gaya wa kowa gaskiya ya juya sumumu-sumumu ya koma ƙarƙashin bene, ya zauna, ya ɗauki guduma ya rasa abin da zai buga. Kunya ta ishe shi, tsoro kuma ya fi kunyar, don ya san ƙafar da ta fara komawa ba ta jiran kowa.

Ba a jima ba Auta ta shigo da yarinya a kafaɗa. Ta tura ƙofa kamar yadda ta sha ganin yana yi. Ta shimfiɗa zane a kan tarin fata ta kwantar da Uwata. Sai ta durƙusa a gabansa, ya ɗauka gaishe shi za ta yi. Ta kama igiyar takalminsa na dama ta fara kwancewa.

“Auta, mene ne haka?”

Ta ci gaba da kwancewa. Ta zare takalmin, ta zare safa, ta ɗaga ƙafar nan mai kanta da hannu biyu ta ɗora a kan zanen, dab da 'yan ƙafafun jaririya. Su biyu suka zuba wa ƙafafun ido. Ita Uwata ba ruwanta, yatsanta take tsotso.

“Baba,” in ji Auta, “tun ina 'yar ƙarama nake jin kana faɗa wa mata. Ko ni in faɗa maka?”

Ya girgiza kai. Hawaye ya bi ta ƙarƙashin tabarau ya sauka a gemu. “Huji ɗaya ne, Auta. Na kasa jure kukanta.”

“Ni da na haife ta ka ɗauka daɗi nake ji? Zagin da na sha ban damu ba, na shanye. Amma ba zan ɗinka mata takalmi irin naka ba, Baba. Ban iya ba, kuma ba na son in koya.”

Ya miƙa hannu zai ɗauki takalminsa, sai ya fasa. Ya ɗauki na jikarsa, ya miƙe, ya buɗe ƙofa. Tunda yake a asibitin nan ba wanda ya taɓa ganin ƙafar a waje da ɗakin, sai matan da ya rufe ƙofa ya nuna wa. Ranar kuwa ya bi baranda da ita tsirara, yana ɗingishi a kan siminti mai sanyi, masu shara da masu tura gado suna kauce masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗaga labule ya tsaya a tsakiyar mata.

“Sista, yarinyar nan ba ta cire ba. Ni na ƙara huji, ni na sa soso. Ga shi.”

Sista Ba-wasa ta karɓa ta duba, ta dube shi daga sama har ƙasa. Kowa ya zaci za ta wanke shi tas. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Oh, ni 'yasu! Ashe wanzami ba ya son jarfa.” Wata tsohuwa a benci ta fashe da dariya, ta yi sauri ta rufe baki da mayafi. Sista ta aika aka kira Auta, ta ba ta haƙuri a gaban matan da ta zage ta a gabansu, abin da ba a taɓa jin ta yi ba. Sannan ta juyo kan Baduku. “Allah ya so an gani da wuri. Siminti za a koma. Kai kuma je ka sa takalminka, kada ka taka mini allura ka ƙara mini aiki.”

Aka koma siminti daga farko, mako bayan mako, kuma duk zuwa shi ke riƙe cinyar Uwata ana naɗawa. Da aka gama ya yanka sabon maɗauri, ya miƙa wa Auta ƙarfen huji ya ce ita za ta huda. Kuka ya dawo sabo fil. Wannan karon bai nemi soso ba. Zama yake ya ɗora ta a cinya, ya kama sandar ƙarfen yana ɗagawa yana saukewa, yana koya mata harba ƙafafu biyu tare, don abin da ya fi ba ta haushi ke nan, ta harba ɗaya ɗayar ta riƙe. Ya sha gaya wa mata su yi haka, bai taɓa sanin yadda hannu ke gajiya ba. Tana kuka yana kuka yana rera mata shirme, tsohuwa tana leƙowa tana cewa ta rasa wa za ta lallasa a cikinsu. Sannu a hankali yarinya ta gane, har ta koma buga sandar a jikin gado don ta ji ƙara.

Tsohon maɗaurin bai yar ba. Ya kafe shi da ƙusa a bango, daidai inda mai shigowa zai gani. Ya kuma fito da sabuwar doka: ba ya ba da takalmi sai an zo masa da kaka, mace ko namiji, duk wanda ake bar wa yaro in uwa ta fita. In sun zo ya nuna wa uwa ƙafarsa, ya nuna wa kaka maɗauri. “Kin ga hujin nan? Ni na yi shi, da hannuna, saboda so. Ya mayar da jikata siminti. Mu tsofaffi mu ne ɓarayin, don mun fi kowa taushin zuciya.” Kakanni sukan yi dariya, wasu kuma su sunkuyar da kai, ka san an taɓa wurin.

Shekaru suka tafi. Uwata ta yi rarrafe, ta miƙe, ta taka, tafin ƙafa shimfiɗe a ƙasa. Takalmin barci ya yi ta canzawa yana girma, duk na hannun kakanta. Ranar da likita ya ce an sallame ta, ba sauran sanda, an kusa sa ta makaranta, Baduku ya ce zai ɗinka mata na makaranta wanda ba a taɓa gani ba. Yarinya ta noƙe kafaɗa. Ita na shago take so, ja, mai fure, irin na 'yar maƙwabta.

“Kin ji butulci,” in ji tsohuwa. “Gidan baduku guda!”

Shi ya kai ta da kansa. Ya tsaya a bakin shagon jim kaɗan kafin ya shiga, yana kallon takalma jere har rufi, dama da hagu duk iri ɗaya. Uwata ta nuna wanda take so. Ya karɓa ya juya, ya lanƙwasa, ya shinshina. Roba ce zalla, ba ɗinki ko ɗaya, gam duk ya leƙo ta gefe, furen ma a karkace aka manna shi. Tunda yake bai taɓa riƙe takalmin banza irin wannan ba.

“A gwada mata, Baba?” in ji mai shago.

“Bari, ni zan sa mata.”

Ya durƙusa da ƙyar, ya kama 'yar ƙafar yana shirin lallaɓawa da murzawa kamar yadda hannunsa ya saba. Kafin ya yi wani abu ƙafa ta shige suluf. Ɗayar ma haka. Yarinya ta fizge ta ruga waje, ta yi tsalle a bakin shago, ta dawo da gudu, ta sake fita.

Mai shago ya ga dattijo ya kasa tashi, ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga. Ya ce, “Lafiya, Baba? In bai yi ba akwai masu kyau a ciki, na fata.”

“Ya yi,” in ji Baduku. “Kada ka sa a leda. A ƙafa za ta tafi da shi.”